Harshen Makiyayi: Jagorancin Hidima a Ikilisiyoyin da ke Sujada da Hausa

A birnin Jos akwai majami'un ECWA masu suna Bishara, akwai kuma masu suna Good News. Ma'anar sunayen biyu ɗaya ce, harshe ne kawai ya raba su: a Bishara da Hausa ake sujada, a Good News kuwa da Ingilishi. Irin wannan rabuwa ta zama ruwan dare a biranen Arewa, ba a ECWA kaɗai ba. Wani wuri majami'u biyu ne, kowace da shugabanninta, wani wuri kuma sujada biyu ce a ƙarƙashin rufi ɗaya, ana tashi daga wannan a shiga waccan ranar Lahadi. A rubuce babu wadda ta fi wata daraja. Amma wanda ya san yadda ake rarraba ma'aikata a ikilisiya ya san inda matashin fasto mai digiri yake addu'ar a tura shi, ya kuma san inda aka fi kai wanda karatunsa bai yi nisa ba, ko wanda ya kusa ajiye aiki.

Abin da wannan maƙala take son tsayawa a kai shi ne, jagorancin hidima a ikilisiya aiki ne da kusan dukkansa da baki ake yin sa, kuma manyan ikilisiyoyin Arewa sun wayi gari suna horar da shugabanninsu da wani harshe, suna tura su aiki da wani harshen dabam wanda ba a taɓa zaunar da su an koya musu shi ba. Ikilisiya ce ta fara ɗaukar asarar. Sai dai asarar ta shafi nazarin Hausa ma, domin fage ne babba da miliyoyin mutane suke sarrafa harshen a cikinsa kowane mako, alhali manazarta sun daɗe suna kawar da kai daga gare shi.

Yadda Hausa ta zama harshen ikilisiya sananne ne ga masana tarihi, ko da yake ba a cika kawo shi a azuzuwan Hausa ba. Ayarin mishan na CMS da Bishop Tugwell ya jagoranta ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ba su masauki na dindindin ba. Bayan Turawa sun ci ƙasar, gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a cikin masarautun Musulmi, don haka mafi yawan mishanoni suka karkata ga al'ummomin da ke gefen masarautun da kudancinsu. SUM ta sauka Wase a 1904, mishan ɗin 'Yan'uwa ya kafa sansani a Garkiɗa a 1923, SIM kuma ta bazu a Filato da kudancin Zazzau da ƙasar Tangale. A can suka tarar da harsuna barkatai, wani lokaci tafiyar yini guda takan ratsa uku ko huɗu. Wasu sun fara da harshen gida, kamar yadda aka yi da Bura a Garkiɗa, amma Hausa ta riga ta zama harshen kasuwa da na hukuma, ga shi kuma a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa. Wannan littafi ya riga ƙagaggun labaran gasar 1933 fitowa, ya riga ƙamus ɗin Bargery na 1934, ya kuma riga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939.

Da wannan harshe aka reni shugabannin farko. A 1938 SUM ta naɗa fastocinta uku na farko a Filato, wato Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot, mutane uku daga al'ummomi uku masu harsuna daban-daban, waɗanda Hausa ce ta haɗa su a aji da wurin taro. Da ikilisiyoyi suka fara tsayawa da ƙafafunsu, ECWA a 1954, sannan Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan a 1955, wadda daga baya ta koma TEKAN, da yawansu da Hausa suka raɗa wa kansu suna: Ekklesiyar Kristi a Nijeriya, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya. Ikilisiyar Tibi ce fitacciyar da ta riƙe harshenta a suna da sujada. Akwai Littafin Waƙoƙi, akwai jaridar Labarin Ekklesiya, akwai shirye-shiryen rediyo na Muryar Bishara da ake haɗawa a Jos. Mai bisharar wancan zamani, wanda ya fito daga makarantar Baibul ta Kagoro ko Gindiri ko Tofa, da Hausa ya yi karatu, da ita ya yi jarrabawa, da ita kuma ya yi wa'azi har ƙarshen ransa.

Dole a yi wa waɗanda suka sauya wannan tsari adalci. Tsayar da ɗan ƙasa a karatun Hausa zalla ya yi wa wasu mishanoni daɗi, domin wanda bai iya Ingilishi ba ba zai karanta manyan littattafai ba, ba zai zauna a kujerar Bature ba, ba zai kuma yi jayayya da shi a kan kuɗi ko manufa ba. Neman karatu da Ingilishi neman mutunci ne. Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya da ke Bukuru, wadda ta fara aiki a 1959, da makarantar ECWA ta Jos da aka buɗe a 1980, an kafa su ne don ikilisiya ta sami shugabanni masu ilimi daidai da na kowa. Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya yi karatu a Igbaja da Landan da Dallas, ya riƙe sakataren ECWA, sannan ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka kafin rasuwarsa a 1975, shi ne misalin abin da wannan buri ya haifar. A Jamhuriyar Nijar ma an yi irin wannan ja-in-ja tsakanin Kiristocin Maraɗi da mishan a kan ilimin zamani, sai dai can Faransanci ne a matsayin Ingilishi, kamar yadda Barbara Cooper ta nuna a littafinta na 2006. Ba wanda zai ce a koma baya. Kuskuren da aka yi shi ne ɗaukar cewa tun da ɗalibi yana jin Hausar kasuwa, to ya iya Hausar aiki, ba ya bukatar darasi.

A dubi abin da shugaban hidima yake yi a mako guda. Wa'azin Lahadi, duk da shi aka fi gani, shi ne ƙaramin kaso. Akwai ajin baftisma, akwai zaman dattawa, akwai sulhunta miji da mata da suka kwana uku ba sa magana, akwai sanar da wani cewa an sa shi ƙarƙashin horo, akwai gaisuwar mara lafiya, akwai jana'iza da zaman makoki, akwai zuwa gaban mai unguwa ko dagaci a kan rikicin fili, akwai kuma gaisawa da limamin masallacin da ke maƙwabtaka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da irin maganarsa. Tsawata wa dattijon da ya haifi kamarka ba a yin ta kai tsaye. Ana bi ta gaisuwa mai tsawo, a kawo labarin wani, a jefa karin magana, a bar shi ya gane da kansa ba tare da an zubar masa da girma ba. Matashin da ya rubuta kundi mai kyau da Ingilishi a kan shugabanci, amma bai san wannan hanya ba, zai faɗi gaskiya ya kuma rasa dattijon da iyalinsa gaba ɗaya. A kan mumbari kuwa, alamar rashin horon a bayyane take: duk inda maganar ta yi zurfi sai Hausa ta ƙare wa mai wa'azi, ya jefo kalmar Ingilishi, jama'a su amsa da amin, tsohuwar da ke bencin gaba ta koma gida da gaisuwa da waƙa kawai. Manzo Bulus ya yi dogon bayani a sura ta 14 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa a kan fifikon 'yar magana kaɗan da jama'a za su fahimta bisa doguwar da ba mai ganewa, kuma ana koyar da wannan sura a kowace makarantar tauhidi, da Ingilishi.

Inda lamarin ya fi nauyi shi ne kalmomin shugabancin kansu. Kowace kalmar da ikilisiya take kiran shugabanta da ita ta shigo da kayanta daga gida, kuma kayan ba su tsaya yadda suke a 1932 ba. Kalmar hidima, wadda ake fassara aikin ikilisiya da ita, a bakin Bahaushe tana ɗauke da ma'anar ɗawainiya da kashe kuɗi da kai-komo, kamar hidimar biki ko hidimar baƙi. Wannan ma'ana ta dace ƙwarai da koyarwar cewa shugaba mai yi wa jama'a aiki ne, kuma mai wa'azin da ya lura da ita ya sami wa'azi guda a kyauta. Kalmar bawa kuwa tana da fuska biyu. Bawan Allah yabo ne a Hausa, ana faɗa wa mutumin kirki mara hayaniya. Amma a ƙauyukan kudancin Kaduna da Filato da Bauci, inda har yanzu ake ba da labarin hare-haren neman bayi na ƙarni na 19, kuma ake nuna duwatsun da kakanni suka hau don tsira, cewa mutum ya zama bawa ba ƙaramar magana ba ce. Shugaban da zai karantar da labarin wanke ƙafafun almajirai, ya kira kansa da jama'arsa zuwa ga bauta wa juna, ya kamata ya san wace igiya yake taɓawa, ya kuma san lokacin da bara ko ma'aikaci ko mai hidima zai fi isar da saƙon.

Babu kalmar da zamani ya sauya wa nauyi kamar makiyayi. Ita ce asalin ma'anar fasto, ita ce kuma siffar da Zabura ta 23 da sura ta 10 ta Bisharar Yahaya suka ginu a kanta. Lokacin da aka fassara waɗannan wurare, makiyayi maƙwabci ne da ake sayen nono a wurin matarsa, ake ba shi gona bayan girbi don shanunsa su bar taki. Yau kuwa, a Riyom da Barikin Ladi da Bokkos da sassan kudancin Kaduna, kalmar makiyaya kusan kullum tana fitowa a labaran rediyo haɗe da rikici da kisa, rikicin da ya ci rayukan manoma ya kuma ci na makiyayan. Faston da zai tsaya gaban kaburbura sababbi ya karanta zaburar da aka saba karantawa a jana'iza, da kalmar da ke cikinta zai yi aiki, ko ya so ko bai so ba. Yana iya wucewa kamar bai ji abin da jama'a suka ji ba. Yana iya barin kalmar ta zama makami. Yana kuma iya tsayawa a kanta, ya raba sana'a da laifi, ya tuna wa masu makoki cewa littafin da ke hannunsu ya zaɓi wannan sana'a ce don ya siffanta Ubangiji da ita. Hanya ta uku tana bukatar ƙarfin hali, tana kuma bukatar gwanintar harshe irin wadda ba a tsintar ta a hanya. Littattafan koyar da wa'azi da aka rubuta a Amurka ko Ingila ba su san da wannan matsala ba, balle su warware ta.

Ba sabon abu ba ne a Arewa magana ta zama silar tashin hankali. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987, wanda ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da wasu garuruwa, ya faro ne daga saɓani a kan kalaman wani wa'azi a Kwalejin Ilimi ta garin. Magana zarar bunu ce. Shugaban ikilisiya mai amfani da Hausa yana tarayya da maƙwabcinsa Musulmi a kalmomi masu yawa: Allah, annabi, mala'ika, tuba, gafara, zunubi, alheri, sujada, addu'a, azumi, zakka, aljanna. Har ilimin sanin Allah ma tauhidi ake ce masa a makarantun ikilisiya, kalmar da asalinta na Larabci yake nufin kaɗaitawa. Wannan tarayya gada ce, tana kuma iya zama rami, domin kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu a gidaje biyu, kuma lasifika ba ta san iyakar harabar majami'a ba. Fassarar 1979 ta zaɓi Almasihu a inda sunayen ikilisiyoyi suka riƙe Kristi, kuma har yau ana rubuta ikilisiya da ikkilisiya da ekklesiya, kowa da nasa. Waɗannan zaɓuɓɓuka suna da dalilai da tarihi, amma ba kasafai ake samun faston da aka taɓa zaunar da shi aka bayyana masa su ba.

Kalmar da ta fi sa'a ita ce dattijo. A tsarin ECWA da makamantanta, dattawa ne suke riƙe da majami'a tare da fasto, su ne kuma suke nan idan an yi masa canjin wurin aiki. A Hausa dattaku hali ne kafin ya zama shekaru, kuma wanda ya karanta siffofin mutumin kirki da Kirk-Greene ya tattara a 1974, irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya da mutunci da karamci, sannan ya buɗe sura ta 3 ta wasiƙar fari zuwa ga Timoti inda aka jera sharuɗɗan mai kula da ikilisiya, zai ga yadda jerin biyu suka yi kusa da juna. Jama'a da ma'aunin dattaku suke auna shugabansu, ko da takardar naɗinsa ta ambaci digiri nawa. A gefe guda kuma akwai jan da sarauta take yi wa harshen: naɗi, da kujera, da ranka ya daɗe, da zuwa gaisuwa da kaya. Harshen da ya ba ikilisiya kalmar hidima shi ne ya ba ta kalmomin fada, kuma shugaban da bai san bambancinsu ba yakan zame daga wannan zuwa wancan ba tare da ya lura ba.

Idan ana neman inda jagoranci da Hausa yake da rai sosai a yau, sai a duba wajen waɗanda ba a naɗa ba. Zumuntar Mata ita ce misali mafi girma. ECWA da EYN ba sa naɗa mata fastoci, amma shugabar zumunta a majami'ar ƙauye tana tafiyar da taron mako, tana tara gudummawa, tana shirya ziyarar masu jego da marasa lafiya da gwauraye, tana sasanta rigingimun da ba za su taɓa isa gaban dattawa ba. Waƙoƙin da matan suke tsarawa, da tulu da caki, cikin zane iri ɗaya, sukan ɗauki labarin Littafi Mai Tsarki su mayar da shi zancen gida, su yi wa mashayi habaici, su yi wa mai zalunci gargaɗi, wani lokaci har su gaya wa shugabanni abin da ba mai iya gaya musu a taro. Haka ƙungiyoyin Sabon Rai, waɗanda suka samo asali daga yunƙurin bishara na farkon shekarun 1960, suke yi da nasu kiɗan. Sau da yawa abin da mutum ya riƙe daga sujada baitin matan ne, wa'azin kuwa ya bi iska.

Shekarar 2014 ta gwada wannan. Yawancin 'yan matan da aka sace a Chibok a watan Afrilu 'ya'yan EYN ne, kuma a ƙarshen Oktoba mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedikwatar ikilisiyar da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci. Jama'ar Gwoza da Madagali da Michika da Askira suka watsu, wasu Yola, wasu Jos da kewayen Abuja, wasu sansanin Minawao a Kamaru. Mutane ne masu harsuna daban-daban, da yawansu manoma da ba su yi boko mai zurfi ba. Abin da ya rage musu na tsarin ikilisiya shi ne wanda za a iya ɗauka a ka: waƙa, da addu'a, da wanda ya iya tsayawa ya yi magana da harshen da kowa zai ji. Masu bishara da dattawa da matan zumunta ne suka sake haɗa jama'a a ƙarƙashin itatuwa da rumfuna, kuma a 2015 ƙungiyar mawaƙan Zumuntar Matan EYN ce ta zagaya Amurka tana ba da labarin abin da ya faru.

Akwai masu suka, kuma sukarsu tana da tushe. Ta farko ita ce Hausa ba harshen uwa ba ce ga mafi yawan Kiristocin Arewa, hasali ma wasu suna kallon ta a matsayin harshen waɗanda suka mulke su. Koke-koken da ƙananan ƙabilu suka kai gaban Hukumar Willink a 1957 da 1958, da abin da ya faru a Zangon Kataf a 1992, sun isa su nuna cewa wannan ji ba ƙage ba ne. Masu wannan ra'ayi suna ganin gara a ƙarfafa Tyap da Jju da Berom da Ngas da Margi, kuma aikin fassara zuwa waɗannan harsuna da ake yi daga Jos abin a yaba ne. Inda majami'a ta mutanen harshe ɗaya ce, babu gardama, harshensu ya fi cancanta. Amma a Tudun Wada ko Sabon Gari ko sansanin 'yan gudun hijira, inda ƙabilu goma suke zaune a benci ɗaya, zaɓin da ke gaban shugaba tsakanin Hausa da Ingilishi ne, kuma idan aka ɗauki Ingilishi an san waɗanda za a bari a baya: tsofaffi, da mata da yawa, da leburori, da sababbin zuwa daga ƙauye. Bugu da ƙari, wannan suka takan manta da Kiristocin da Hausa ce harshensu na haihuwa, wato zuriyar Wusasa, da Maguzawan Kano da Katsina da Zazzau da suka karɓi Kiristanci, da jama'ar Tarayyar Masihiyawa, da na Maraɗi da Tsibiri. Su ba su da wani harshen da za su koma.

Suka ta biyu ita ce matasa sun fi son Ingilishi, don haka sujadar Hausa za ta mutu da tsofaffinta. A unguwannin ma'aikata na manyan birane wannan yana da kamshin gaskiya. Amma masana harshe sun daɗe suna nuna akasin haka a faɗin yankin: a Bauci da Gombe da Filato ƙananan harsuna da dama suna ja da baya, kuma Hausa ce take maye gurbinsu a bakin yara. Ke nan adadin Kiristocin da Hausa ce harshensu na farko ƙaruwa yake yi. Ko majami'un Fentikos da suka shigo da Ingilishi sun gane haka, shi ya sa ake ganin tafinta tsaye kusa da mai wa'azi. Tafintan nan, wanda yawanci ɗan sa-kai ne da ba a taɓa ba shi horo ba, shi ne ainihin mai wa'azi ga rabin jama'ar, kuma abin da ya ga dama ko ya iya shi ne tauhidin da za su tafi da shi gida.

Sashen Hausa na jami'o'i yana da nasa alhakin. Kowane ɗalibi yana haddace cewa Schön ya wallafa nahawu a 1862 da ƙamus a 1876 da Magana Hausa a 1885, cewa Robinson da Bargery 'yan mishan ne kafin su zama masu ƙamus. Daga nan sai labarin ya tsaya, kamar dai Hausar ikilisiya ta gama aikinta ranar da aka kafa Hukumar Talifi. Ana rubuta kundaye a kan salon wa'azin malamai, da waƙoƙin bege, da finafinan Kano, da saƙonnin wayar salula, amma ba kasafai ake cin karo da kundi a kan waƙoƙin Zumuntar Mata ko salon wa'azin majami'a ba. Abin da aka rubuta mai nauyi a kan wannan al'umma, kamar ayyukan Crampton da Musa Gaiya da Cooper da Shobana Shankar, masana tarihi da addini ne suka yi shi, kuma da Ingilishi. Dalili ɗaya shi ne tsohon zaton cewa Hausa da Musulunci abu guda ne. Dalili na biyu shi ne raini: ana jin mai sanarwa ya ce zumuntan mata maimakon zumuntar mata, ko ya yi wa baƙi maraba ya ce baki, sai a yanke hukuncin cewa gurɓatacciyar Hausa ce. Alhali ɓacewar jinsi da sauƙaƙa baƙaƙe masu ƙugiya siffofi ne na Hausar da ta zama harshen haɗin kan al'ummomi, kuma aikin mai nazari shi ne ya bayyana su, ya gano ƙa'idarsu. Matsalar faston da ake magana a kansa ma ba ta lafazi ba ce; tsofaffin masu bishara da yawa ba su taɓa furta ƙ daidai ba, amma sun iya riƙe taro da magana har rana ta take.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Makarantun tauhidi suna iya sa darasin wa'azi da nasiha da Hausa ya zama wajibi ga duk wanda zai yi aiki a yankin, a kuma ce kafin a ba ɗalibi lasisi sai ya yi wa'azi da Hausa a gaban dattawa da matan zumunta, su ne za su faɗi ko sun gane. Ana koyar da Girkanci da Ibrananci don ɗalibi ya san inda saƙon ya fito, ba zai zama abin kunya ba a koya masa harshen da saƙon zai sauka. Majalisun da ke rarraba ma'aikata su ma suna da abin dubawa, domin muddin albashin fasto ya dogara ga baikon majami'arsa, kuma majami'un Ingilishi ne suke tara ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa, to duk mai hazaƙa zai ci gaba da gudun sashen Hausa, kuma ba za a ga laifinsa ba. Wasu ikilisiyoyi suna tara wani kaso a asusun gunduma; faɗaɗa wannan don daidaita albashi zai yi wa sujadar Hausa amfanin da taron ƙara wa juna sani goma ba zai yi ba.

Abin da ya rage na manazarta Hausa ne, kuma aiki ne irin wanda suka saba. Ana bukatar ƙamus na kalmomin ikilisiya wanda zai kwatanta fassarar 1932 da ta 1979 da sababbin da suka biyo baya, ya nuna inda kalma ta fito da yadda Musulmi da Kirista suke fahimtar ta. Ana bukatar gajeren kwas na tafinta, wanda sassan da suke koyar da fassara za su iya shiryawa a hutun dogon zango. Ana kuma bukatar tattara kayan da suke salwanta. A majami'u da yawa na karkara akwai littattafan rahoton zaman dattawa da aka rubuta da hannu da Hausa tun shekarun 1950, masu ɗauke da shari'o'in aure da gado da maita da bashi, a ajiye cikin akwatunan ƙarfe ko a saman kabad, gara tana ci, wasu kuma sun ƙone tare da gine-ginen a rikice-rikicen shekarun nan. Kaset-kaset na Zumuntar Mata da na Sabon Rai na shekarun 1980 suna hannun iyalai, kuma na'urorin da za su kunna su suna ƙarewa. Ɗalibin digiri na biyu guda ɗaya, da na'urar ɗaukar hoto da wasiƙar gabatarwa daga sakataren gundumar ikilisiya, zai iya kwafe na gunduma guda cikin rani ɗaya.